Me zan haɗa wa 'yata da za ta shiga ɗakin kwanan jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata ta fari ta samu gurbin karatu a jami'a, an kuma ba ta gado a ɗakin kwanan ɗalibai, su huɗu a ɗaki ɗaya, kuma saura mako uku ta tafi. Ba ta taɓa yin wata guda a wajen gida ba, ni kuwa tunanin abin da za ta rasa a can ya hana ni barci. Takardar da makaranta ta aiko ta haramta hitar ruwa da butar lantarki da murhun lantarki, amma waɗanda 'ya'yansu suka riga tawa shiga sun ce dokar a takarda kawai take, kowa ɓoyewa yake yi a ƙasan akwati. Na riga na saya mata hita da dutsen guga da ekstenshan mai baki shida, wanda mai sayarwar ya tabbatar mini yana ɗaukar komai. Me ya kamata in ƙara, me kuma zan rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Ki kwantar da hankalinki game da mantuwa, domin a shekarun da na yi ina kula da ɗakunan kwanan ɗalibai ban taɓa ganin wadda ta bar karatu saboda ta manta tawul ko cokali ba. Kusan duk abin da aka manta ana samunsa a makon farko. Abubuwan da ba sa jira kaɗan ne, kuma da su zan fara.

Takardu ne gaba da komai: takardar samun gurbi, takardar ba da gado, rasit na kowane kuɗi da aka biya, katin shaida, da ƙananan hotuna. A yi wa kowace kwafi biyu, a ɗauki hotonta a waya, sannan a sa na asalin a jakar hannu, kada su shiga akwatin da zai iya yin nisa da ita a hanya. Duk wanda ya tare ku a bakin ofis yana cewa zai sama mata ɗaki mafi kyau in an ba shi wani abu, ku wuce shi, domin gadon da babu sunanta a kansa a rajistar makaranta ba nata ba ne, ranar da aka zo bincike kuwa ita za a fitar, ba shi ba. Bayan takardu sai magungunan da take sha a kai a kai, in akwai, tare da takardar likita. Ina kuma ba da shawarar ku tambayi likita game da allurar rigakafin sanƙarau tun yanzu, saboda sababbin ɗalibai masu kwana a cunkushe suna cikin waɗanda cutar ta fi saurin kamawa, allurar kuma tana bukatar kusan mako biyu kafin ta fara ba da kariya. Mako ukun da ya rage muku ya isa, muddin ba a yi jinkiri ba.

Sauran kaya ba su da wuyar lissafi. Ku tambayi ofishin ɗakunan girman gadon, da kuma ko akwai katifa a kai, kafin ku sayi zanin gado. Biyu sun isa, da bargo da matashi. Sai bokiti, silifas na wanka, kwaɗo mai kyau na loka, tocila, kayan wanka da na wanki, kwano da kofi da cokali, da tufafin da za su yi mata kwana goma kafin ta yi wanki. Ɗakin mutum huɗu ba ya ɗaukar akwati uku-uku, kuma abin da ya fi haddasa rigima a makon farko shi ne kayan wata sun cinye wurin wata. Ranar shiga, kafin ta kwance ko jaka ɗaya, ta duba ɗinkin katifa da lungunan gado ko akwai kuɗin cizo, ta ɗauki hoton duk abin da ta tarar a karye ko a fashe, ta kai rahoto a rubuce, don kada a ɗora mata kuɗin gyaransa a ƙarshen shekara.

Yanzu sai maganar da ta sa na zaɓi wasiƙarki a cikin waɗanda suka iso, wato ekstenshan ɗin nan mai baki shida da aka ce yana ɗaukar komai. Wannan magana kullum sai na ji ta, daga iyaye da ɗalibai har da wasu masu kiran kansu masu gyaran wuta, kuma ƙarya ce mai kashe mutane. Yawan bakin ekstenshan ba ya ƙara masa ƙarfi ko kaɗan. Kamar bututun ruwa ɗaya ne da aka yi wa kan famfo shida: kawunan sun yi yawa, bututun yana nan yadda yake. Duk wutar da bakunan shida za su ja ta cikin waya ɗaya za ta bi, kuma waccan wayar ce ke da iyaka. Ekstenshan mai inganci a inda ƙarfin lantarkin gida yake bolt 230 yakan ɗauki amfiya 13 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya), wato kimanin wat 3,000 gaba ɗaya (wat kuma ma'aunin wutar da kaya ke ci). A inda ake amfani da bolt 120 kuwa, amfiya 15 ba ta wuce wat 1,800. Ki duba bayan kayan da kika saya, za ki ga an rubuta wat ɗin kowanne. Cajar waya ba ta cika wuce wat 25 ba, ta kwamfutar tafi-da-gidanka tana tsakanin 45 da 90, don haka ko goma aka jona babu damuwa. Amma butar lantarki ita kaɗai tana jan wat 2,000 ko fiye, dutsen guga daga 1,000 zuwa sama, murhun lantarki da hita su ma haka. Buta da dutsen guga kawai, in aka kunna su tare, sun riga sun kai iyakar ekstenshan mai inganci ko ma sun ƙetare ta, balle wanda aka rubuta wa 13 a jiki alhali wayar cikinsa siririya ce da ba za ta jure rabin haka ba.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne zafin waya ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar wutar da ke bi ta cikinta, ninkawa yake yi fiye da haka: in wutar ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Idan kuma wayar a nannaɗe take, ko an tura ta ƙarƙashin katifa ko darduma don ɗaki ya yi kyau, zafin ba shi da hanyar fita, sai robar ta yi laushi, ta narke, wayoyin ciki su haɗu. Wani zai ce ai akwai abin da ke katse wuta a ginin in nauyi ya yi yawa. Akwai, amma an sa shi ne don ya kare wayar da ke cikin bango, wadda ta fi ta ekstenshan kauri, kuma yakan kai amfiya 20 ko 32 kafin ya katse. Ke nan ekstenshan zai iya narkewa a ƙarƙashin gadon 'yarki alhali shi bai ga wani laifi ba. Abin da ya rage mai kariya shi ne fis ɗin da ke cikin filogi, wato 'yar wayar da ke ƙonewa ta katse wuta in nauyi ya yi yawa, in akwai shi, shi ma sau da yawa da zarar ya ƙone sai wani gwani ya cire shi ya naɗa waya a gurbinsa, ya ce ya gyara. Bai gyara komai ba, ƙofar tsira ta ƙarshe ya toshe. Ki ƙara da cewa su huɗu ne a ɗakin, kowace da irin kayan da mahaifiyarta ta ɓoye mata, soket ɗin bango kuwa bai fi ɗaya ko biyu ba, sai a jona ekstenshan a jikin ekstenshan, nauyin duka ya taru a kan waya ta farko.

Hitar da ake tsomawa a bokiti ta fi duka muni, domin hanyoyin kisanta biyu ne. Ɗaliba za ta sa yatsa a ruwa don ta ji ko ya yi zafi, hitar tana kunne, in rufinta ya tsage ko da ba a gani ba, wutar ta cikin jikinta za ta bi zuwa ƙasa, ga ƙafa a jiƙe ga siminti a jiƙe. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba ta isa ta rikita bugun zuciya, shi ya sa ake saita na'urar kariya daga jan wuta ta katse tun a miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya. Hanya ta biyu kuma ita ce mantuwa: an tsoma hita, wuta ta ɗauke, kowa ya tafi aji, wuta ta dawo, ruwa ya tafasa ya ƙone, bokitin roba ya narke ya kama, ɗaki a kulle.

Kada a ɗauka ina tsoratarwa ne kawai. A watan Nuwamba na 2003 gobara ta tashi cikin dare a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Abotar Al'ummu da ke Mosko a Rasha, sama da mutum 40 suka rasu, yawancinsu ɗalibai baƙi da ba su daɗe da isowa ba, kuma an danganta tashinta da matsalar lantarki. A watan Janairu na 2000 kuma ɗalibai uku 'yan ajin farko suka mutu a gobarar Jami'ar Seton Hall da ke Amurka. Waccan da gangan aka kunna ta, amma abin lura shi ne da yawa ba su fito da wuri ba saboda sun saba jin ƙararrawar gobara tana kaɗawa a banza. A gobarar gini hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma mai barci yakan shaƙe shi bai farka ba.

Ina da ƙorafi a kan hukumomin makarantu ma, ba iyaye kaɗai ba. Su aiko da jerin abubuwan da aka haramta ba tare da layi ɗaya na bayanin dalili ba, su kwace hita a bakin ƙofa ranar shiga, sannan su bar ɗalibai babu wurin ɗumama ruwa ko ɗakin guga, tukunyar kashe gobara ta shekara ba a duba ta ba, ƙofar fita ta gaggawa kuma da sarƙa da kwaɗo wai don tsaro. Wanda ya hana abu bai samar da madadinsa ba shi ya koya wa mutane ɓoyewa. Amma sakacinsu ba ya rage zafin waya, kuma uwar da ta naɗe hita a cikin zane ta tura ƙasan akwati ta sani cewa ba ran 'yarta kaɗai ta sa a haɗari ba, har da 'ya'yan mutane uku da ke kwana kusa da ita da duk wanda ke saman bene. Amana ce a wuyanki, Hajiya, kuma waɗanda suka ce miki kowa yana yi ba za su tsaya tare da ke ba ranar da aka tambayi wa ya kawo.

Saboda haka hitar ta zauna a gida. Dutsen guga ya tafi in takardar makaranta ba ta hana ba, da sharaɗin a soket ɗin bango za a riƙa jona shi kai tsaye, shi kaɗai, a kuma zare shi da zarar an gama ko wuta ta ɗauke. Ekstenshan ɗin ki duba shi: in wayarsa mai kauri ce, yana da fis, an kuma rubuta iyakarsa, ta tafi da shi don caja da fitilar karatu da ƙaramar fanka kawai, a shimfiɗe a fili, ba a kan gado ba. Kada ta yi cajin waya a ƙarƙashin matashi, domin batirin ma yana bukatar iska. In tana bukatar ruwan zafi, ku tambayi mai kula da ginin inda aka amince a dafa shi, ki kuma saya mata fulas babba da zai riƙe mata shi tun dare har safiya. Kafin ki baro ta ranar shiga, ku bi hanyar fita tare tun daga ƙofar ɗakinta har waje, ku nemo matakala ta biyu, in kuma kun tarar da ita a kulle ku shaida wa ofis a rubuce kafin ki kama hanya.