Amsa: Shin jaki yana jin zafi har a kama mai shi da laifi?

Malam, ka tambaya ko dabba tana da ji da sani, har a ce mai jaki ya yi zalunci in ya ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Masu falsafa sun daɗe suna wannan gardama. Descartes, Bafaranshe na ƙarni na 17, ya ɗauki dabba a matsayin inji kawai. A 1789 Jeremy Bentham na Ingila ya juya zancen, ya ce ba tunani ko magana ne abin dubawa ba, a duba ko tana shan wahala. A 2012 kuma masana ƙwaƙwalwa suka taru a Cambridge, suka bayyana cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwar da ke haifar da sani.

Ni dai ina ganin Descartes ya kauce hanya. Je ka kasuwar Shinkafi ka ga jaki mai gyambo a baya yana zillewa tun kafin mangala ta taɓa shi. Ya tuna zafin jiya, yana tsoron na yau.

Mu kuwa tun tuni muna da hukunci. Suratul An'am, aya ta 38, ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim kan matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle ba ci ba sha. Ko yanka ma an ce a wasa wuƙa don a hutar da dabba. Saboda haka mai jakin nan yana da alhaki: ya rage kayan, ya bar gyambon ya warke tukuna.