Tambayi Likita: Ƙwaya a kurkuku da abin da ke biyo mutum gida

Tambaya: Likita, ɗana shekara biyu ke nan yana ɗaure. Duk ziyara sai in ga ya ƙara ramewa, tari ba ya yankewa, ga yawan roƙon kuɗi. An ce mini wiwi ce. (Wata uwa daga Aboabo)

Amsa: Mama, Allah ya yaye. Hayaƙin wiwi na sa tari, amma kada a ɗora mata laifin duka. Tarin da ya kai mako 2 tare da rama da zufar dare, ga mutumin da ke kwana a cushe cikin ɗakin da iska ba ta ratsawa, tarin tibi ake fara zargi. Ya nemi ganin ma'aikacin lafiyan gidan a gwada majinarsa, a haɗa da gwajin HIV. Maganin tibi kyauta ne a Ghana, kuma wata 6 ake sha ba tsallake. Masu dainawa da sun ji sauƙi su ne ciwon ke dawo wa da taurin kai.

Batun kuɗi kuwa, sau da yawa bashi ne ya ci wajen masu sayarwa a ciki, kuma bashin can duka da tsangwama ke binsa. Maimakon kuɗi, ki riƙa kai gari, shito da sabulu. Idan ana yi masa barazana, a sanar da hukumar gidan.

Tambaya: Maigidana zai fito wata mai zuwa. Kafin a kama shi yana shan tiramol mai lamba 225, uku ko huɗu a rana. Me zan kula da shi? (Wata daga Asawase)

Amsa: 'Yar'uwa, makonni biyun farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. Jikin da ya daɗe bai samu ƙwaya ba, ko yake samun kaɗan, ya rasa jurewar da ya saba. Ranar da abokai suka zo yi masa barka suka miƙa masa adadin da ya saba sha, abin da a da yake sa shi garau yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Ki lura, iyakar tiramadol, wato tiramol, ko a hannun likita miligiram 400 ce a yini, kuma mai 50 da mai 100 ne hukumar magunguna ta Ghana ta amince da su. Guda biyu na 225 sun riga sun haura iyaka. Haɗa shi da giya ko maganin barci shi ne ya fi kisa.

Alamun da za ki gani: barcin da ba ya farkawa ko an girgiza shi, minshari mai kama da shaƙewa, numfashi jefi-jefi, leɓe ya canza launi, ƙwayar ido ta tsuke. Ki kwantar da shi a gefensa, ki kira lambar gaggawa ta 112 ko a sa shi a mota sai asibiti, a tafi da kwalin abin da ya sha. Akwai allurar da ke karya shi, naloxone. Kada a ɗura masa madara ko manja, huhu za su faɗa. Idan farfaɗiya ce ta kama shi, wadda tiramol ya shahara da jawowa, kada a cusa masa cokali a baki, a dai kare kansa daga buguwa.

Tun kafin ranar fitowa ku shirya kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Zuwa can ba ya nufin hauka, can ne masu aikin raba mutum da ƙwaya suke.

Tambaya: Ƙanena ya ce reza ɗaya suke aski da ita su da yawa a kurkuku. Yanzu ya fito zai yi aure. (Wani daga Sabon Zango)

Amsa: Malam, a gwada shi ciwon hanta nau'in B da C da HIV yanzu, a maimaita na HIV bayan wata 3. Idan yana da B, a gwada amarya. In ba ta da shi ta fara rigakafi: allura uku, yau, bayan wata 1, sai a wata na 6.