Tambayi Bakanike: Hilux ɗina na karkarwa, taya na cinyewa ta ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da a-kori-kura Hilux mai shan gas, ƙirar 2012, mai gida biyu, ina dakon masara da ita daga ƙauyukan Ɗandume zuwa Dawanau. Wata biyu ke nan da aka sauya mata farantin kuloci. Tun daga nan in ta kai gudun kilomita 70 zuwa 90 sai karkarwa ta taso daga ƙarƙashin kujera, har madubi ya dushe. Ga tayar gaba ta dama tana cinyewa ta ciki, a gargada kuma ina jin ƙwas-ƙwas. Na yi wa tayoyi balansin sau biyu, na sa sabuwar shokazoba, shiru. Yanzu an ce in sauya rak ɗin sitiyari, ƙarfen nan da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba. In saya? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Mai da kuɗinka aljihu tukuna. Ciwo biyu motarka take fama da su, an haɗa maka su a ɗaya, shi ya sa magani ya ƙi ci.

Mu fara da karkarwar, don ka riga ka faɗi mai laifin ba ka sani ba. Ka ce a kujera kake jin ta, ba a hannu ba. Tayar gaba in ta rasa balansin, sitiyari take girgizawa. Abin da ke tasowa ta ƙasan mota ya dushe madubi, yawanci firofela ce, sandar nan da ke kai juyi daga giya zuwa aksul ɗin baya. Kafin taya ta zaga sau ɗaya ita ta zaga kusan sau huɗu, shi ya sa rawarta siririya ce mai gurnani, ba irin tsallen taya ba.

Ba a sauke giya a kai ga kuloci sai an kwance firofela. Taka kuwa gaɓa biyu ce, da bayarin ɗin tsakiya zaune cikin roba. Bakanike mai hankali alli ko fenti yake sawa ya yi alama kafin ya taɓa noti, domin kunnuwan da ke riƙe kuros, wato mahaɗin nan mai siffar gicciye da ke bakin kowace gaɓa, dole su koma yadda kamfani ya jera su. In an raba ta aka mayar da kuskuren haƙori ɗaya ko biyu, rawa ta samu. Ni ma ina yaron gareji na taɓa yin wannan aika-aikar, kwana uku muna zargin taya, har maigidana ya leƙa ƙasa da tocila, ya ɗago bai ce komai ba, ya miƙo mini alli. Gara mari da wannan shirun.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. A hanya mai kyau da ba cunkoso, kai ta inda rawar ta fi tsanani, ka taka kuloci inji ya sauko. In rawar ta ɗauke nan take, nemi kujerun da inji ke zaune a kai, nozul masu fesa masa mai, ko aikin kulocin kansa. In ta ci gaba, tana bin gudun mota ne, wato taya ko firofela. In kuma tana ƙaruwa idan ka ba ta wuta, ta lafa idan ka ɗaga ƙafa, da wani ƙas lokacin shiga ribas, kuros ne ya tafi. Daga nan a kashe inji, a datse tayoyi da dutse, a sa giya a firi, a shiga ƙasa a jijjiga sandar. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan. Jar ƙura kamar garin barkono a bakin kofunansa alama ce giris ya ƙare, ƙarfe na cin ƙarfe. A duba robar tsakiya ko ta tsage, a duba ƙananan ƙarafan balansin da aka liƙa a jikin sandar ko ɗaya ya fita.

Tambaya ɗaya gare ka: an ƙara mata sifirin a baya, wato falankin ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyin kaya? Masu dakon hatsi ba sa rabuwa da wannan. Motar da aka ƙera don abin da bai wuce buhu goma ba ana labta mata ashirin. Ƙarin sifirin yana ɗaga bayanta, kusurwar firofela ta canja, kuros ya riƙa mutuwa da wuri.

Sai ciwo na biyu, na tayar gaba. A ɗaga ta da jak, a sa mata madogari, kada kowa ya shiga ƙasa da jak kaɗai. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, sa yaro ya danne birki: wasan ya ɓace, bayarin ɗin taya ne, bai ɓace ba, bal join ne, mahaɗin nan mai kan ƙwallo da ke haɗa taya da hannuwan da ke riƙe ta, ko bushin, robar da ke gindin hannuwan. Sa dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar ka ɗaga, bal join na ƙasa zai tona kansa. Sannan kama ta hagu da dama. Wasa a nan na tairod ne ko rak en, sandunan da ke haɗa rak da taya, kuma ana sauya su ba tare da an sayi rak gaba ɗaya ba. Rak sai in yana zubar da mai ko wasan na cikinsa. Ƙwas-ƙwas a gargada da cin taya ta ciki sun fi kama da bal join ko bushin ɗin hannun ƙasa. Kada ka yi wasa da bal join, in ya tsinke da kaya taya ninkewa take yi ƙarƙashin mota.

Alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, shi ne na ƙarshe, bayan an sauya duk abin da ke wasa. In ka tashi sayen kuros a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, tafi da tsohon a hannu a gwada, ka zaɓi mai bakin giris, a riƙa ɗura masa duk lokacin juyen baƙin mai, da kuma duk ranar da ka ratsa ruwa da damina.