Waɗanda ba a zata ba a tseren moto

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a MotoGP, babbar gasar tseren moto ta duniya, an taɓa samun wanda ba a sa shi a lissafi ba ya ci tsere. An samu, ba sau ɗaya ba.

Wanda ban manta ba shi ne na Ostiriya a 2021. Muna fada nan Maradi, shayi na kan gawayi, mu shida mun kewaye waya ɗaya. Saura zagaye uku ruwa ya sauko. Manyan da ke gaba, su Marquez da Bagnaia, suka shiga gareji suka canza zuwa moto mai tayar ruwa. Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, ya ƙi shiga. Ya ci gaba da taya sulɓi a kan jiƙaƙƙen kwalta, motonsa ƙirar kamfanin KTM na zamewa kowace kwana, birki ma ya yi sanyi ba ya kamawa. Wani ɗan kabu-kabu cikinmu ya dafe kai yana cewa wannan yaro zai karye. Bai faɗi ba, shi ya ci. Shayin nan dai ƙonewa ya yi.

Tun a 2020 ma Binder ya ci tseren Brno, a ƙasar Cek, a tserensa na 3 kacal a babban aji, wato MotoGP, nasarar KTM ta farko a ajin kenan.

In kana son na da, nemi tseren Balensiya, a Sifen, na 2006. Troy Bayliss ya zo maye gurbin wani da ya ji rauni, ya ci tseren, Rossi da ke kan gaba a maki ya faɗi, sai Nicky Hayden ya ɗauke kofin duniya.