Amsa ga ƙanwata mai aikin dare a Kumasi

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce shekararki biyu da fara aikin jinya, in kin tashi daga aikin dare barci ba ya zuwa, kin fara yi wa majinyata tsawa, kuma ranar da wata tsohuwa ta cika a hannunki ba ki ji komai ba, har kina tsoron ko imaninki ne ya yi rauni. Kwantar da hankalinki. Gajiya ce ta ci ki, ni ma ta taɓa cina. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya da aiki ke jawowa da alamomi 3: ƙarewar ƙarfi, zuciya ta janye daga aikin, sai mutum ya ga ba ya taɓuka komai. Biyu daga ciki kin faɗe su da bakinki.

Abin da ya kusa kayar da ni a gida yake. Mu da ke zaune a zango, asibiti biyu muke yi wa aiki. Nakan miƙa aiki ƙarfe 8 na safe, in hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Aboabo, in sayi koko da ƙosai a bakin hanya. Kafin in cire takalmi an yi sallama. Wannan ta zo da magunguna a leda a duba mata, wancan Baba yana so a auna masa jini, ga yaro jiki zafi rau. Wa zai iya cewa maƙwabci a'a? Haka na yi wata uku ina barcin da bai wuce awa uku ba. Wani dare na tsaya da sirinji a hannu, na rasa ko na yi wa mara lafiya allurarsa ko ban yi ba. Sai da na buɗe fayil. Allah Ya tsare, amma hannuna ya daɗe yana rawa.

Da safe na faɗa wa surukata, Allah Ya jiƙanta. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki tabarma da carbinta ta zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo sai ta ce, "Tana barci, a dawo bayan La'asar. In da gaggawa, a tafi asibiti." Abin da bakina ya kasa faɗa saboda kunya, bakin babba ya faɗa, ba wanda ya ji haushi. Har yau awon jini a gidanmu ranar Juma'a ne bayan La'asar.

Sauran ƙanana ne. Ki sa labule mai kauri, ki kashe waya. Ki daina shan Nescafé ko shayi daga ƙarfe 3 na dare, domin sinadarinsu yakan yi awanni a jiki. Don Allah kada ki taɓa maganin barci na ɗakin majinyata, balle tramadol. Kin san abin da ya yi wa samarinmu. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki. Ki karɓi naki, kada ki ƙarar da shi a biki da suna.

Batun tsohuwar nan shi ya fi tsaya mini a rai. In rashin jin komai ɗin ya wuce mako biyu, ko kika fara jin rayuwa ta ishe ki, ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye. Na san ana gudun kada abokan aiki su gani, amma mu da muke tura mutane can bai kamata mu ji kunyar ƙofar ba. Ki riƙe addu'a, ki kuma je.

Yanzu ki faɗa mini, wa ke gidanku da zai iya zama miki a bakin ƙofa?