An ɗaure mana hanyar yashi da sarƙa saboda kunkurun teku, mu tafi kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Mu goma sha tara ne, muna ba da hayar mashin mai taya huɗu a wani filin shaƙatawa na bakin teku a yankin Ibeju-Lekki na jihar Legas. Shekara 12 ke nan muna bin hanyar yashin da ta tashi daga get zuwa bakin ruwa. Watan jiya sai muka tarar an kafa turaku an ɗaure sarƙa, wai kunkurun teku na saka ƙwai a wurin. Mun biya masu gudanar da filin kuɗin shekara tun Janairu, rasit na hannunmu, kuma sun riƙe mana mashin biyu. Yaranmu sun ce hanyar jama'a ce, bayan shekara 12 ta zama tamu, mu cire sarƙar kawai. Mene ne matsayinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka fara hana yaran nan taɓa sarƙar. Ranar da suka cire ta, maganar ta tashi daga rikicin sana'a ta koma laifin shiga da ƙarfi da lalata kaya, kuma Legas tana da dokar kare kadarori ta 2016 mai tsanani a kan hakan. Daga nan belin yara za ka koma nema. Abin da zan faɗa a ƙasa ya dogara ne da bayaninka kaɗai, takardun da ke hannunka na iya sauya shi.

Batun shekara 12 ɗin nan an haɗa abu biyu ne wuri guda. Gaskiya ne a dokar ƙayyade lokacin ƙara ta Legas, mai fili yana iya rasa damar ƙwato filinsa idan wani ya mamaye shi shekara 12 yana gani bai yi komai ba, kuma idan filin na gwamnatin jiha ne shekara 20 ne. Amma wannan na wanda ya zauna a fili ne shi kaɗai, kamar nasa, ba da izinin kowa ba. Ku wucewa kuke yi. Haƙƙin wucewa saboda daɗewa kuwa, a ƙa'idar da kotuna suka gada, yakan buƙaci shekara 20 ana bi a fili, ba da ƙarfi ba, ba kuma da izini ba, sannan galibi mai fili maƙwabci ne ke samun sa, domin amfanin filinsa. Rasit ɗin da kuke alfahari da shi, shi ne lauyansu zai fara ɗagawa a kotu: wanda ke biyan kuɗi kafin ya shiga, ya amince da bakinsa cewa da izini yake shiga. Izini kuma ana iya janye shi.

"Hanyar jama'a" ma sai an tabbatar. Wuri yana iya cika da mutane ranar Lahadi alhali a takarda na wani gidan sarauta ne, ko kamfani ya karɓe shi haya. Lauyanku ya sa safiyo ya ɗauki ma'aunin wurin, a duba a ofishin Babban Safiyo da rajistar filaye a Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, kamar yadda aka saba. In hanyar ta fito a taswirar da gwamnati ta amince da ita a matsayin titi, ƙarfinku ya ƙaru sosai, domin ɗan kasuwa ba shi da ikon toshe titi. In ba ta fito ba, sawun taya ne kawai a filin wani. Ko da ta fito ɗin, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun Gwamna, kuma gwamnati na iya taƙaita irin abin hawan da zai bi titi. Kun ga yadda aka hana acaɓa a Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi biyar daga 1 ga Yuni 2022. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, amma da wuya alƙali ya karanta shi a matsayin 'yancin tuƙa mashin ɗin haya a kan kowane yashi, ga sashe na 45 da ya yarda a taƙaita shi. Ka kuma tuna yawancin irin mashinanku ba su da lamba ba su da inshora. Mai shiga kotu yana cewa titi ne, tambayar farko da za a yi masa ke nan.

Dalilin da suka bayar kuma kada ku raina shi. Kunkurun teku yana cikin jerin farko, wato na dabbobin da aka fi ba kariya, na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, Najeriya kuma tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka gyara ta a 2016. Uwar takan fito da dare, ta haƙa rami sama da inda ruwa ke tsayawa in ya cika, ta zuba ƙwai wajen ɗari ta rufe. Sai kusan wata biyu su ƙyanƙyashe. Taya tana danne yashin da ke kan ramin, kuma kwarin da take bari ya isa ya tare ɗan da bai kai tafin hannu ba, ya yi ta bin sawun a tsaye har rana ta fito, bai kai ga ruwa ba. Fitilar mashin ma tana juyar da su daga teku. In masana suka kawo hotunan ramuka da kwanan wata, alƙali zai saurare su, sashe na 20 na tsarin mulki ma ya ɗora wa gwamnati kare namun daji.

To ina ƙarfinku yake? A kuɗin Janairu. Wanda ya karɓi kuɗin shekara ya rufe hanya a tsakiya, babu takardar sanarwa, babu zama da mutanen da ke ciyar da iyali a wurin, bai kyauta ba, kuma mai yiwuwa ya saɓa yarjejeniya. Lokacin ƙwan kunkuru ba jiya aka san shi ba, da sun so da sun faɗa muku kafin su miƙa hannu. Kuna iya neman ragowar kuɗinku, wataƙila da asarar da za ku iya nunawa a rubuce. Amma a duba bayan rasit ɗin tukuna, sau da yawa akwai ƙananan rubutu da ke ba su damar rufewa. In kuna da rumfar da kuke biyan haya wata-wata, wannan daban ne, dokar haya ta Legas ta 2011 ta tanadi notis na wata guda. Mashin biyun kuma, in ba hukuma ce mai ikon kamawa a doka ta riƙe su ba, ban ga hujjar riƙe su ba. A rubuta wasiƙar neman a sake su cikin kwana bakwai, da lambar inji da rasit ɗin saye, a karɓi sa hannun wanda ya amsa.

Lokaci yana da muhimmanci. In hukumar gwamnati ce ta ba da umarnin, ƙalubalantar matakinta yakan zama cikin wata uku, wata ɗaya kuma ya riga ya tafi. Ƙarar yarjejeniya tana da shekara shida. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta iya shigar da ƙara da sunanta, sai dai biyu ko uku su wakilci sauran. Umarnin wucin gadi na a buɗe hanya kuwa, kada ka sa rai: kotu ba ta cika bayar da shi a inda kuɗi zai iya biyan asara ba, kuma za a sa ku ɗauki alkawarin biyan diyya in kun faɗi.

Shi ya sa nake ganin sulhu ya fi muku. Dokokin Babbar Kotun Legas na 2019 ma sun wajabta a nuna an nemi sasantawa kafin a shigar da ƙara. Citizens' Mediation Centre, wato ofishin sasanta jama'a na Ma'aikatar Shari'a, kyauta ne. Akwai kuma Lagos Multi-Door Courthouse, cibiyar sulhu da ke haɗe da kotu, inda yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu take zama hukuncin kotu. Ku tafi da Sarkin Hausawan yankin, a sanar da Baale, wato mai garin Yarbawa na wurin, amma a rubuta komai.

Kada ku je da "a buɗe mana" kawai, ku je da tayi. Layi guda mai turaku a kan jiƙaƙƙen yashi, ƙasa da inda ake samun ramuka, da mashiga ɗaya tak. Babu tuƙi daga magariba zuwa hantsi. Kowace safiya mutum biyu daga cikinku su zaga da mai kula da kunkurun, a killace ramin da aka gani, da yamma a share sawun taya. A watannin da ƙwai ya fi yawa a rage kuɗin shekara ko a ba ku wani yanki. A rubuta watannin da sunansu, da ranar da za a sake zama, da tarar wanda ya karya a kowane ɓangare. Kafin ranar zaman, ka tattara rasit na shekarun nan, littafin cinikin kullum na wata shida, da hotunan sarƙar masu kwanan wata, ka kai wa lauyan da zai raka ku.