Sabon Talabijin, Tsofaffin Faya-fayai: Amsar Wasiƙunku

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowar, duka a kan na'urar DVD. Ta farko za ta ci mana wuri, domin abin da mai ita ya tambaya shi ne abin da aka fi tare ni da shi tun da talabijin masu faɗin allo suka shiga gidaje.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi sabon talabijin mai inci 43, an rubuta masa Full HD. Ina da faya-fayan DVD sun fi ɗari, wasu na fim, wasu na darussa, wasu kuma na iyalina ne da aka ɗauka shekarun baya. Da na jona tsohuwar na'urata sai hoton ya fito dishi-dishi, bai ma kai kyan yadda nake ganinsa a tsohon talabijin ɗina mai doro ba. Abin hannuna ba yawa. Mai shago ya ce in sayi wadda aka rubuta 1080p a kwalinta, wai za ta mayar da faya-fayan nawa HD. Gaskiya ne? Wacce zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sa hannu a aljihu, zagaya bayan talabijin ɗin ka dubi wayar da ka jona. Ina kyautata zaton mai kai uku ce, rawaya da fari da ja. In haka ne, rabin matsalarka ke nan. Fari da ja sauti suke ɗauka, hagu da dama. Hoton gaba ɗayansa, da haskensa da launinsa, a cikin rawayar nan guda ake cusa shi, sai talabijin ya zo yana ƙoƙarin raba su, kuma ba ya taɓa raba su tsaf. Shi ya sa za ka ga jan launi ya malala ya wuce iyakarsa, gefen rubutu kuma yana ta motsi kamar tururuwa na bin layi.

Mai shago bai yi maka ƙarya zalla ba, amma bai nuna maka inda gizo ke saƙa ba. Tun da DVD ya fito a Japan a 1996, yawan ɗigon hotonsa bai ƙaru ba: 720 a kwance, 576 a tsaye a tsarin hoto na PAL, irin na Turai, ko 480 a tsaye a tsarin NTSC, irin na Amurka. Allonka kuwa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. Buga lissafi ka gani. Faifan PAL yana ba da ɗigo 414,720, allon yana neman 2,073,600, ninki biyar cif. Duk ɗigo ɗaya da ke kan faifan sai an samo masa huɗu da za su cike gurbi. Aikin da 1080p ɗin nan na jikin kwali ke nufi ke nan: na'urar ta dubi ɗigogin da ke maƙwabtaka da juna, ta kintaci abin da ya kamata ya zauna a tsakaninsu. Idan ta iya kintace, hoto zai kwanta a ido, gefuna su yi sumul. Amma gashin gira ko zaren tufa da ba a adana a faifan ba tun farko, babu na'urar da za ta dawo da shi, komai tsadarta.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: talabijin ɗinka ma yana yin wannan aikin da kansa. Dole ne ya yi, in ba haka ba da hoton ɗan ƙarami zai tsaya a tsakiyar allo, baƙi ya kewaye shi. Saboda haka ba wata baiwa kake saye ba da babu ita a ɗakinka. Magana ita ce wa ya fi iya aikin, na'urar ko talabijin, kuma sau da yawa talabijin mai kyau ya fi na'ura mai araha iyawa.

Tsohon naka mai doro bai fi sabon kyau ba, ya dai fi shi rufa asiri. Allonsa ƙarami ne, an ƙera shi ne daidai da layukan da faifan ke bayarwa, kuma haskensa yana narkar da gefuna. Sabon ya ɗauki hoton nan ɗaya ya shimfiɗa shi a inci 43, duk wani tabo ya fito fili.

To, wacce za ka saya? Wadda ke da kafar HDMI a bayanta. A nan ba na sassautawa. Kada ka tsaya ga rubutun kwali, ka sa a fito da ita ka juya bayanta ka ga kafar da idonka, don har yanzu akwai masu araha da ba su da komai sai ramuka ukun nan. HDMI yana kai hoto da sauti a waya ɗaya, kuma yana kai su a lambobi kamar yadda suke a faifan, ba tare da an cakuɗa haske da launi ba. Ita wayar kanta, kada a sa ka sayi mai tsada. A tazarar mita ɗaya ko biyu, muddin lafiyarta lau, hoton da mai araha za ta kai shi mai tsada za ta kai.

Bari in ba ka abin da na gani a gidanmu. Akwai wani faifai da muke ji da shi, na mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana zaune yana magana kusan minti arba'in, sanye da riga mai siraran ratsi. Da wayar rawaya, ratsin nan ba ya zama wuri ɗaya, sai ya riƙa walƙiya da wani kore da shunayya da babu su a rigar, har ido ya bar fuskar ya koma kan ƙirji. Ranar da na jona HDMI, ratsin ya tsaya cak, launin ƙaryar ya ɓace. Fuskarsa ba ta ƙara fitowa tar ba, yadda kyamarar wancan lokacin ta ɗauke ta haka take. Amma mahaifiyarmu ta zauna ta kalle shi daga farko har ƙarshe ba ta ce idonta na ciwo ba. Irin gyaran da za ka samu ke nan, kuma a wurina ya isa a sayi na'ura dominsa.

Bayan HDMI, abin da na fi damuwa da shi a na'ura mai araha shi ne idonta, wato ɗan gilashin da hasken lesa ke fita ta cikinsa ya karanta faifai, da kuma injin da ke juya faifan. A nan ake rage kuɗi, kuma nan ne ke fara mutuwa. Gani ya kori ji, don haka ka tafi shago da faifai uku daga naka. Ɗaya na kamfani mai tsabta, ɗaya wanda ya ɗan kwarzane, ɗaya kuma cikin na iyalin nan da aka ƙona, wato aka ɗora hoton a faifai da kwamfuta. Na ukun shi ne jarrabawar gaske, domin faifan da aka ƙona ba ya mayar da haske kamar na kamfani, ido mai rauni sai ya yi ta juyi ya ce babu faifai. Ka kasa kunne lokacin da take juyawa. Ƙara kaɗan a farko ba komai ba ne, amma wadda ke gurnani har bayan fim ya fara, a daren da gida ya yi tsit za ta dame ka. Ka tura fim gaba ka dawo da shi, ka kashe ka kunna ka ga ko tana tuna inda ka tsaya. Ka riƙe rimot ɗin ka danna daga gefe, ba sai ka saita shi kamar mai harbi ba. Idan cikin faya-fayanka akwai VCD, ka haɗa da ɗaya, kuma ka shirya zuciyarka: shi ɗigonsa 352 ne a kwance, 288 a tsaye, kusan rubu'in na DVD, a babban allo sai haƙuri.

Akwai wani wuri guda da na'urori suke bambanta da gaske. Faya-fayai da yawa, musamman waɗanda aka ɗauka da kyamarar bidiyo, hotonsu rabi-rabi aka adana shi: layuka na ɗaya, na uku, na biyar a tafi ɗaya, sannan na biyu, na huɗu, na shida, rabi 50 a kowace daƙiƙa a tsarin PAL. Sabon allo yana son cikakken hoto, sai an ɗinke rabin biyu. Idan ɗinkin bai yi ba, da mutum ya ɗaga hannu za ka ga gefen hannun ya yi haƙora kamar na mataji. Ka nemi wurin da ake motsi da sauri a faifanka ka zuba ido a nan.

Idan ka kawo ta gida, saura saiti, kuma mutane da yawa a nan suke barin rabin abin da suka saya. Shiga saitin na'urar ka gaya mata allonka 16:9 ne, wato mai faɗi. Wasu suna zuwa a kan 4:3, siffar allon tsohon talabijin mai doro, sai ka ga fim ya matse ko mutane sun miƙe. Tsofaffin faya-fayan da aka ɗauka a 4:3 kuwa, ka bar su da baƙi a hagu da dama, kada ka ja su su cika allo, in ba haka ba kowa zai koma gajere mai faɗi. Sannan ka gwada abu biyu da faifai ɗaya: sa na'urar a 1080p ka kalli minti biyu, mayar da ita 576p, wato girman hoton faifan na asali, ka bar talabijin ya yi faɗaɗawar, ka sake kallon wurin. Rubutun fassara na ƙasan allo shi ne ma'auni mafi sauƙi. Wanda gefen haruffansa ya fi tsabta, a nan za ka bar ta. Idan hoto ya zo babu sauti a wani faifai, mai yiwuwa sautinsa DTS ne, wani tsarin sauti da talabijin ɗin bai gane ba. Ka zaɓi ɗaya sautin a cikin faifan, ka kuma mayar da fitar sautin na'urar zuwa PCM, tsarin da talabijin ke ganewa kai tsaye.

Faya-fayan iyalin nan kuma, Malam, ina roƙonka ka kwafe su a kwamfuta tun suna karantuwa. Faifan da aka ƙona yana lalacewa da zafi da hasken rana ko ba a taɓa shi ba.

TAMBAYA: Ɗana ya aiko mini da faya-fayai na asali daga Amurka, sababbi a ledarsu. Na'urata ta ƙi su duka, alhali tana karɓar sauran. Ko jabu aka sayar masa?

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce jabu ne. Ki juya bayan kwalin faifan, za ki ga ɗan hoton duniya da lamba a cikinsa. Masu fina-finai sun raba duniya shiyya shida. Amurka da Kanada 1. Turai, Japan, Gabas ta Tsakiya, Masar da Afirka ta Kudu 2. Kudu maso gabashin Asiya 3. Ostareliya da Latin Amurka 4. Galibin Afirka da Rasha da Indiya 5. Sin 6. Ita ma na'urar tana da tata lambar a baya, idan ba su zo ɗaya ba sai ta ƙi. Maganin shi ne na'urar da ke karɓar kowace shiyya, kuma akwai su da yawa cikin masu araha. Ki ba wanda za ki aika faifai ɗaya daga cikin waɗannan, a saka shi a gabansa kafin ya biya. A tabbatar kuma tana karanta NTSC, don shi ne tsarin faya-fayan Amurka. Idan yaron ya ce zai aiko da na'urar daga can, a fara duba rubutun bayanta. Ƙarfin wutar Amurka volt 120 ne. In an rubuta 100 zuwa 240, ko'ina za ta yi. In 120 kaɗai aka rubuta kuma wutar gidanki 220 ce ko sama, jonawa ɗaya za ta ƙone.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne. In ƙara kuɗi in sayi Blu-ray ne, ko in tsaya a DVD mai kafar filash? Ina da tsohuwar PlayStation 3.

AMSA: Ƙanena, riƙe kuɗinka. PlayStation 3 ɗin nan tana karanta DVD da Blu-ray duka, tana da HDMI, kuma faɗaɗa hoton da take yi ya fi na yawancin na'urori masu araha. Ga wanda ba shi da ita, ga yadda abin yake: Blu-ray, wanda ya fito a 2006, shi ne faifan da ke ɗauke da 1920 da 1080 na gaske, domin yana cin gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya, inda DVD ke cin 4.7. Na'urarsa tana karanta DVD, amma ta DVD ba ta karanta shi, saboda jan hasken lesarta ya yi kauri ga ƙananan ramukan faifan Blu-ray, waɗanda shuɗin haske ke bi. In ba ka da niyyar sayen faya-fayan Blu-ray, ƙarin kuɗin bai da amfani.

Kafar filash kuwa kada ta ruɗe ka. A yawancin na'urorin DVD masu araha, tsofaffin nau'o'in bidiyo irin su AVI da DivX take ganewa, kuma ba ta wuce girman hoton DVD. Fim ɗin HD da ka sauke a MP4 ko MKV sau da yawa ko sunansa ba za ta nuna ba. Ga shi kuma galibinsu sai filash mai tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4. Ka duba gefen talabijin ɗinka, kusan tabbas akwai kafar USB a can, ka fara gwada filash ɗin a ita.